Bahago da Ƙaramar Bindiga: Hannun da Maƙera Suka Daɗe Suna Mantawa da Shi

Gabatarwa

Masana sun ƙiyasta cewa a cikin kowane mutum goma, kusan ɗaya bahago ne. Amma idan muka dubi kayan da muke amfani da su yau da kullum, tun daga almakashi har zuwa kujerar ɗaukar darasi mai ɗan allo a gefe da ke cikin azuzuwanmu, za mu tarar da cewa domin mai dama aka yi su. Idan almakashi ya ƙi bahago, asarar ba ta wuce ta ƙyalle ba. Idan kuwa bindiga ce ta ƙi shi, magana ta koma ta rai.

Tun daga rikicin watan Yuli na shekarar 2009, mutanen Maiduguri suka saba da ganin masu ɗauke da makami dare da rana. Ga sojojin Runduna ta 7 da ke barikin Maimalari, ga 'yan sanda, ga matasan nan 'yan gora da suka tashi a shekarar 2013, ga kuma mafarauta. Da yawansu 'yan'uwanmu ne ko maƙwabtanmu, kuma babu makawa akwai bahagwai a cikinsu. Wannan maƙala za ta dubi irin wahalar da bahago yake sha da ƙaramar bindigar hannu, da abin da ake dubawa kafin a ce wata bindiga ta dace da shi, da kuma wanda doka ta ba ikon yin wannan zaɓi a Nijeriya. Da yake mu ɗaliban harshe ne, za mu fara ne daga kalmomi.

Hagu da Dama a Bakin Bahaushe

Kalmar bahago ta samu ne daga hagu, aka yi mata ɗafa-goshi na ba-, irin wanda ke cikin Bakano da Bakatsine da baduku. Mace ita ce bahaguwa, jam'i kuma bahagwai. A karin harshen Sakkwato da kewaye akan ji hauni a maimakon hagu.

Abin lura shi ne yadda ma'anar kalmar ta faɗaɗa. Idan aka ce wane bahagon mutum ne, ana nufin mai wuyar sha'ani. Idan aka ce an yi wa magana bahaguwar fahimta, to an juya ta ke nan. Dama kuwa komai nata alheri ne. Amintaccen sarki shi ne na hannun damansa, mai jinya idan ya samu sauƙi sai ya ce da dama. Ba Hausa kaɗai ke da wannan ɗabi'a ba, domin a Faransanci ma kalmar da ke nufin hagu ita ce ake siffanta mutumin da bai iya aikin hannu ba da ita.

Addini da al'ada sun koya mana ci da sha da miƙa abu da hannun dama, wannan kuwa ladabi ne da ba mai jayayya a kansa. Sai dai a gidaje da yawa an haɗa har da rubutu da sana'a, ta yadda yaro zai tashi ana buge masa hannu duk lokacin da ya ɗauki alƙalami da hagu. Irin wannan yaro yakan girma yana rubutu da dama, amma idan abin gaggawa ya taso, kamar jifa ko kare duka, sai hagun ta riga fita. A fagen dambe ne kawai bahago ya samu cikakkiyar daraja, inda 'yan wasa da dama suke amsa laƙabin Bahago da alfahari, saboda naushinsu yana zuwa ta inda abokin karawa bai saba tsammani ba.

Bindiga da Sunayenta

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Barno. A ƙarni na 16, Mai Idris Alauma ya samo bindigogi tare da Turkawan da suka koya wa mayaƙansa harbi, kamar yadda limaminsa Ahmad bin Furtuwa ya rubuta a tarihin yaƙe-yaƙensa. Haka nan ƙarfin bindiga na cikin abin da Rabeh ya ci Barno da shi a shekarar 1893, kafin Faransawa su kashe shi a Kusuri a shekarar 1900.

Kalmomin da muke amfani da su sun nuna hanyar da makamin ya biyo. Bindiga, da albarushi, da harsashi duk aro ne daga Larabci, kuma asalin kalmar harsashi a can tana nufin dalma. Daga baya Turanci ya ba mu libarba da fistul. Wasu kuwa Bahaushe ne ya ƙirƙiro su da kansa, kamar adaka, wato bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki a daka shi da sanda, da harba-ka-ruga, da kunama, wato ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake ja da yatsa.

Tun a kan adaka matsalar bahago ta fara. Maƙeri yakan sa wurin tashin wuta a gefen dama na bindigar, domin ya yi nesa da fuskar wanda ya ɗora ta a kafaɗar dama. Idan bahago ya ɗora ta a kafaɗar hagu, tartsatsi da hayaƙi sukan tashi ne daidai gaban idonsa. Wannan tunani na maƙerin gargajiya shi ne dai manyan masana'antun Turai da Amurka suka bi shekara da shekaru.

Yadda Ƙaramar Bindiga Mai Ɗura wa Kanta Take Aiki

Ƙananan bindigogin hannu iri biyu ne manya. Akwai libarba, mai tulu da ke juyawa, wanda yawanci yake ɗaukar harsashi 5 ko 6. Akwai kuma fistul mai ɗura wa kanta, wadda ita ce abin maganarmu. Harsasanta suna jere ne a cikin wani ɗan gida na ƙarfe da ake zura shi ta cikin mariƙi, za mu kira shi gidan harsashi. A samanta akwai marfi mai zamiya gaba da baya. Idan aka ja kunama harsashi ya fita, ƙarfin fitarsa yakan tura marfin baya, ya jefar da kwanson da ya ƙone ta wata 'yar taga, sa'an nan waya mai tsalle ta maido da marfin gaba, ya ɗauko sabon harsashi ya shigar.

Ya kamata masu fassara su kiyaye da wani bambanci a nan. Wannan bindiga ɗurin kawai take yi wa kanta, kowane ja na kunama harsashi ɗaya yake fitarwa. Wadda ke ci gaba da aman wuta muddin yatsa na kan kunama ita ce ake kira mai sarrafa kanta. Sau da yawa a labaran rediyo da jaridu akan haɗa su a suna ɗaya, alhali kuwa aikinsu ya bambanta.

Wuraren da Bahago Yake Cin Karo

Ita kunama a tsakiya take, ba ruwanta da dama ko hagu. Matsalar tana ga sauran maɓallan, waɗanda aka jera a gefen hagu na bindigar domin babban yatsan hannun dama ya same su cikin sauƙi. Idan aka riƙe ta da hagu, babban yatsa yakan koma gefen dama, inda babu komai. Ga wurare biyar da masana harkar suke dubawa:

1. Makullin kariya. Wannan shi ne ɗan ƙarfen da ke hana bindiga tashi sai an kawar da shi. Shi ne mafi muhimmanci. A shahararriyar bindigar nan M1911, wadda John Browning ya tsara kuma sojan Amurka suka ɗauka a shekarar 1911, makullin yana gefen hagu kaɗai. Bahago sai ya sassauta riƙo ya tsallako da yatsa, ko ya sa ɗaya hannun. Wannan jinkiri na daƙiƙa ɗaya ko biyu yana iya zama ajali. Mafi muni ma, wanda makulli ya dame shi yana iya barin sa a buɗe, daga nan kuma harbin kuskure ba ya da nisa.

2. Maɓallin sakin gidan harsashi. Yawanci yana bayan kunama ta gefen hagu. Bahago yana iya danna shi da manuniya, wasu ma suna ganin hakan ya fi sauri. Amma akwai haɗari guda. Idan aka rataya bindigar a ƙugun hagu, maɓallin yana kallon waje ne, saboda haka kujerar mota ko bango na iya danna shi, gidan harsashi ya saki mai shi bai sani ba.

3. Maƙalin marfi. Idan harsashi ya ƙare, marfi yakan tsaya a baya. Akwai ɗan ƙarfen da ake dannawa ya sake shi, shi ma a gefen hagu. Wannan ita ce mafi sauƙin matsala, domin ana iya jan marfin da ɗaya hannun a saki, kuma malaman harbi da yawa haka suke koya wa kowa da kowa.

4. Tagar fitar kwanso. Kusan dukkan waɗannan bindigogi ta dama suke jefar da kwanso, kuma da zafinsa yake fita. Ga mai dama, waje yake faɗawa. Ga bahago, yakan gitta ta gabansa. A ƙaramar bindiga abin bai cika tsanani ba, tun da ana miƙe hannu ne nesa da fuska, amma wata takan jefo shi baya ya bugi goshi ko ya faɗa cikin riga.

5. Mariƙi da kube. Wasu mariƙan an yi musu gurbin babban yatsa a gefe ɗaya, sai su riƙa cin tafin hannun bahago. Kube kuwa, wato gidan da ake rataya bindiga a ƙugu, dole ne ya zama na hagu tun daga ɗinki. Jami'in da aka ba kuben dama, ko dai ya zaro da hannun da bai ƙware da shi ba, ko ya juya bindigar a hannu, bakinta yana shawagi a kan jikinsa da na abokan aikinsa.

Yadda Maƙera Suka Gyara

Gyaran ya zo ne sannu a hankali, kuma ta hanyoyi uku. Hanya ta farko ita ce a sa maɓalli a kowane gefe. Bindigar Beretta 92 ta Italiya, wadda sojan Amurka suka ɗauka a shekarar 1985 da sunan M9, tana da makulli dama da hagu. Ita ma Browning Hi-Power ta ƙasar Beljiyam, wadda ta fito a shekarar 1935 da makulli a gefe ɗaya, an yi mata na gefe biyu a shekarun 1980. Wannan bindiga sananniya ce a ƙasashen renon Ingila, har masana'antar makamai ta DICON da aka kafa a Kaduna a shekarar 1964 ta ƙera irinta. Ke nan suna ɗaya bai isa shaida ba, sai an duba ko tsohuwar ƙira ce ko sabuwa.

Hanya ta biyu ita ce a yi maɓallin da makanikin makamai zai iya cirewa ya mayar ɗaya gefen. Kamfanin Glock na ƙasar Ostiriya ya yi haka ga maɓallin gidan harsashi a ƙirarsa ta huɗu a shekarar 2010, sa'an nan a ƙira ta biyar, a shekarar 2017, ya sa maƙalin marfi a gefe biyu. A wannan shekara ta 2017 ne kuma sojan Amurka suka zaɓi SIG Sauer P320 domin ta maye gurbin M9, ita ma da maɓallan da bahago zai iya sarrafawa.

Hanya ta uku ita ce a sa abin a tsakiya, inda kowane hannu zai kai. Glock ba ta da makullin gefe sam, kariyarta tana jikin kunama da kuma cikin bindigar. Makarov ta Tarayyar Sobiyet tana sakin gidan harsashi ne ta ƙasan mariƙi. Wasu bindigogin kamfanin Heckler & Koch na Jamus kuwa suna da wani ɗan faifai a ƙarƙashin zoben kunama, wanda ake dannawa ta ko wane gefe.

Tagar kwanso ce dai har yanzu ba a cika taɓawa ba. Kaɗan ne suke jefarwa ta hagu, kamar Walther P38 da sojan Jamus suka yi yaƙin duniya na biyu da ita. A manyan bindigogi abin ya fi tsanani. Bindigar SA80 ta sojan Birtaniya ba ta harbuwa daga kafaɗar hagu, saboda tagarta tana daidai kumatu, don haka duk bahagon da ya shiga soja a can da dama ake koya masa. Amurkawa kuwa wani ɗan tudu suka ƙara a bayan tagar M16 a shekarun 1980, domin ya karkatar da kwanso daga fuskar bahago.

Wani abin sha'awa shi ne, wannan gyara ba bahago kaɗai yake amfana ba. Jami'in da aka raunata a hannun dama a fagen fama ya zama bahagon dole a wannan lokaci. Haka ma wanda ya fake a bayan katanga, ya zamana ta hagu kawai zai iya leƙawa.

Ido Ma Yana da Dama da Hagu

Kamar yadda hannu ɗaya yake rinjayar ɗaya, haka ma ido. Kimanin kashi biyu cikin uku na mutane idon dama ne yake yi musu jagora, kuma ba lallai ne ido ya bi hannu ba. Akwai bahagwai da yawa masu idon dama. Mai karatu na iya gwada kansa yanzu. Ka buɗe ido biyu, ka miƙa hannu ka nuna wani abu mai nisa da yatsa, sa'an nan ka rufe ido ɗaya bayan ɗaya. Idon da ya bar yatsan a kan abin, shi ne jagora.

A ƙaramar bindiga wannan saɓani yana da sauƙin magani, domin ɗan karkata kai ya isa ya daidaita ido da saiti. A doguwar bindiga kuwa, wadda ake manna kumatu a jikinta, malamai sukan fi son a bi ido a sauya kafaɗa. Saboda haka tambayar da ta kamata a yi wa sabon kurtu guda biyu ce: wane hannu, kuma wane ido?

Wa ke da Ikon Zaɓa a Nijeriya?

A Amurka mutum yakan shiga kanti ya gwada wannan ya gwada waccan. A Nijeriya ba haka abin yake ba. Dokar Bindigogi ta shekarar 1959 ta kasa su gida uku. Kashi na farko shi ne haramtattu, waɗanda suka haɗa da bindigogin yaƙi, da masu sarrafa kansu, da libarba da fistul kowace iri. Shugaban Ƙasa ne kaɗai yake da ikon ba da lasisin mallakarsu. Kashi na biyu, kamar wasu bindigogin farauta, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku, wato su adaka, Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ne yake ba da izini. Dokar ta hana a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda aka yanke wa hukunci kan laifin ta da hankali cikin shekaru 5 da suka gabata. Wanda aka kama da haramtacciyar bindiga ba tare da lasisi ba yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba.

Bugu da ƙari, ƙasashen ECOWAS sun rattaba hannu a kan yarjejeniyar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai a Abuja a shekarar 2006, kuma a shekarar 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa cibiya ta musamman domin wannan aiki a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Mu da muka ga abin da makami ya yi wa Baga da Bama da Gwoza ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan dalilin wannan tsanani.

Ke nan ɗalibi, ko ɗan kasuwa, ko ma'aikaci, bahago ne ko mai dama, ba shi da zaɓi a nan. Shi ma ɗan sanda ko soja ba ya zaɓa, abin da aka miƙo masa daga ma'ajiyar makamai shi yake karɓa. Masu zaɓi na ainihi su ne hukumomin da ke sayo makamai da makarantun da ke horar da jami'ai, irin su Kwalejin 'Yan Sanda ta nan Maiduguri da Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil. Idan aka ɗauki kurata 1,000, lissafi ya nuna kusan 100 daga cikinsu bahagwai ne a halitta, ko da wasunsu sun saba ɓoyewa tun suna yara.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa naƙasar ba ta hannun bahago ba ce, tana ga inda maƙeri ya ajiye maɓallansa. Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle wannan da lafiyarsa ƙalau. Abin da ya dace hukumomin tsaro su yi ba mai tsada ba ne. Su gwada hannu da idon kowane kurtu tun ranar farko. Idan za a sayo sababbin bindigogi, a sa sharaɗin makulli na gefe biyu da maɓallin da ake iya juyawa. A tanadi kuben hagu, aƙalla ɗaya cikin kowane goma. A kuma horar da kowa da hannu biyu, tare da ƙa'idojin da ba su san dama ko hagu ba: a ɗauki kowace bindiga a matsayin mai ɗuri, kada a nuna bakinta ga abin da ba a nufi harbi ba, kada yatsa ya hau kunama sai an yi niyya.

Mu ma ɗaliban harshe muna da namu aikin. Yawancin mafarauta da 'yan gora da Hausa ko Kanuri ake yi musu bayani, alhali littattafan horo da Turanci suke. Kalmomi irin su makullin kariya, da maƙalin marfi, da gidan harsashi, shawara ce kawai wannan maƙala ta kawo. Ya rage ga malamanmu da 'yan'uwa ɗalibai su auna su, su tambayi masu sana'ar abin da suke kiran waɗannan sassa a bakinsu, a daidaita a kan abu ɗaya. Mutumin da aka yi wa gargaɗi da harshen da yake ji ya fi kusa da komawa gida lafiya.